Allon da ya daina ji

A wata unguwa ta Damagaram, can bayan Birni, akwai wani gida da yaran unguwar ke kira gidan jirgi. Maigidan tsohon malamin fizik ne, wanda ya yi shekara 34 yana riƙe da alli a Tawa da Maraɗi da Damagaram kafin ya ajiye aiki a 2018. Har yau babu mai kiransa da sunan yanka. Tun daga mai kayan miya har limamin unguwa, Mushe suke ce masa. Jirgin da ake faɗi yana cikin shagon da a dā ake saukar da baƙi. Wanda ya leƙa zai ga kujerar tsohuwar mota an kafe ta a kan katako, alluna huɗu na kwamfuta suna fuskantarta, wayoyi shuɗɗa sun bi gindin bango kamar yaɗon kabewa. Jirgin bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ko da taƙi ɗaya ba, amma ya ci kuɗin fansho na wata da watanni, ya kuma ci barcin mutum biyu.

Asalin abin wani darasi ne. Kowace shekara, idan aka zo babin nauyin iska, Mushe yakan buɗe wani kaye mai jan bango wanda ya rubuta tun shekararsa ta farko a aji. Yakan gaya wa ɗalibai cewa a bakin teku nauyin iska yana wajen ektofaskal 1013, kuma duk hawan mita 8 ko 9 yana rage ɗaya. Da wannan ragin ne agogon da ke gaban matuƙin jirgi yake sanin tsawon da aka kai. Daga nan sai ya zaro hoton da ya yanko daga kalandar Air Afrique, hoton ɗakin tuƙin jirgin DC-10, a bi da shi tebur-tebur. Agogai ne zagayayyu birjik, kowane da allurarsa, ga kuma mutum uku: matuƙi, da mataimakinsa, da injiniyan da ke zaune a bayansu yana lura da injuna. “Ku duba da kyau,” yakan ce, “haka cikin jirgi yake.” Kamfanin ya rushe a 2002, hoton kuwa ya ci gaba da zagaya aji.

A 2012 Allah ya kira shi Makka, kuma shi ne hawansa jirgi na farko. Da ake shiga a filin jirgin Yamai, ƙofar ɗakin tuƙi tana buɗe, sai ya ɗan ja tunga ya leƙa, alhazai na turo shi ta baya. Kujeru biyu ya gani, da alluna masu haske, rabi shuɗi rabi ruwan ƙasa, lambobi na gudu a gefensu. Babu mutum na uku, babu tarin agogan nan. Tun daga Yamai har Jidda, maƙwabtansa na jan carbi, shi kuwa yana ƙidayar azuzuwan da ya nuna wa hoton kalanda cikin shekara 28. Bai taɓa yi wa ɗalibi ƙarya da gangan ba. Ya dai ci gaba da faɗin abin da ya ji na ƙarshe, bayan labarin ya daɗe da canzawa.

Da ya dawo gida ya shiga bincike, ya tarar canjin ya girmi da yawa daga cikin ɗalibansa. Tun farkon shekarun 1980 allunan gilashi suka fara korar agogai daga manyan jirage. Airbus A320 ya fara ɗaukar fasinja a 1988 da alluna shida a gaban matuƙansa. Boeing 747-400, wanda ya shiga aiki a 1989, ya rage fitilu da agogai da maɓallan ɗakin tuƙi daga 971 zuwa 365, ya kuma ɗauke kujerar injiniya gaba ɗaya. Abin da a dā sai an bi agogai shida da ido kafin a haɗa shi a kai, wato gudu da tsawo da karkata da alƙibla, yanzu allo ɗaya ne ke tara shi. Na kusa da shi yana nuna taswirar hanya, wani kuma lafiyar inji. Mushe ya cire hoton daga kaye, amma ba ya da abin da zai maye gurbinsa da shi. Har ya bar aiki, iyakar abin da yake iya cewa shi ne, “Yanzu alluna ne.” Ga mutumin da ya saba bayyana dalilin kowane abu, wannan jimla ƙaya ce a maƙogwaro.

Wani tsohon ɗalibinsa ne ya nuna masa cewa ana iya koyon tuƙin jirgi a ɗaki. Dabarar ma ta tsufa: a 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙi da zugazugan iska irin na masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, a rufe mutum ciki ya koyi tafiya da agogai kaɗai ba tare da ya ga waje ba. A yau kwamfuta ke wannan aiki. Mushe ya zaɓi wata manhaja mai suna FlightGear, wadda masu sa kai daga ƙasashe da dama ke ginawa tun 1997, saboda kyauta ce, kuma saboda ya sami filayen jirgin Damagaram da Maraɗi da Agadas a cikinta. Sai dai kwamfutarsa ɗaya ba ta iya ɗaukar duka. Lissafin motsin jirgi a cikin iska, da zanen ƙasa da gajimare, da zanen allunan tuƙi, idan suka taru a kan inji ɗaya mai matsakaicin ƙarfi, sai hoton ya riƙa tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Maganin shi ne a raba aikin: babbar kwamfuta ta yi lissafi ta nuna waje, ƙanana uku kuma kowace ta riƙe allo ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙananan ya same su a wani gidan intanet da ya rufe, irin waɗanda ake kira sibar, da wayar hannu ta kashe musu kasuwa. Ya saye su da ƙurarsu, mai sibar ya yi masa gyara da tsohon akwatin rarraba rezo mai ramuka takwas da ƙunshin waya. Ranar da amalanke ya sauke kayan a ƙofar gida, Hajiya ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu.

“Malam, wannan jirgin naka, a ina zai sauke mu?”

“Inda ya ɗauke mu, Hajiya.”

“To, Allah ya sa kafin ya sauka ba a yanke mana kuran ba.”

Babbar kwamfutar ya raɗa mata suna Uwa, ƙananan kuma ƴaƴa. Ya jona su, ya kunna, ya zauna yana jira. Kowace ta tashi lafiya, kowace ta nuna allonta, amma babu wadda ta san da ƴar'uwarta. Uwa tana can sama da Mirriya, ƴaƴa suna nan tsaye a kan titin jirgi. Mako biyu yana fama. Mutumin da ya koyar da dokar Ohm ga dubban yara ya gano cewa wutar da ke bin waya daban, maganar da ke bin waya daban.

Wadda ta fitar da shi jikanyarsa ce, ɗiyar babban ɗansa, wadda a lokacin take ajin kimiyya a lise. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, shi ya sa take iya gaya masa abin da ubanta ba zai iya ba. Shi yana ce mata Amarya, ita tana ce masa Kaka, idan ta so tsokana ta ce Tsoho.

“Kaka, ka tara yara a aji ɗaya ba ka ba su suna ba, kana kiran rajista. Wa zai amsa?”

Da wayoyin ta fara. Kowace waya silli takwas ne a cikinta, an murɗa su biyu-biyu, kuma sai an jera su a bakin toshe bisa tsari ɗaya: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Idon Mushe ya daina rarrabe fari da kore daga fari da shuɗi, saboda haka shi ke riƙe tocila, ita ke jerawa tana matsewa. Daga nan ta ba kowace kwamfuta adireshi. Uwa ta zama 192.168.1.10, ƴaƴa suka ɗauki 11 da 12 da 13. Ta bayyana masa cewa lambobi uku na farko sunan unguwa ne, na ƙarshen lambar gida. Idan unguwa ta bambanta, saƙo ba ya isa ko da gidajen na jingine da juna. Bayan gida kuma akwai lambar ƙofa, domin saƙon jirgi ta ƙofa ɗaya yake shiga, sai an gaya wa Uwa wadda za ta ƙwanƙwasa, an gaya wa ɗiya wadda za ta tsare. Ɗaya daga cikin ƙananan ta ƙi ji har kwana uku, ashe mai gadin da ke cikinta, wanda aikinsa hana baƙin saƙonni shiga, shi ne yake korar saƙon Uwa. Sai da aka ba shi umarni ya buɗe wannan ƙofar.

A watan Agusta na 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, aikin ya sake koya musu wani abu. Da farko sun bar akwatin sibar shi ke raba adireshi da kansa, duk wadda ta riga tashi ya ba ta lambar da ke hannunsa. Kuran na zuwa yana tafiya, injuna na tashi ba bisa jeri ba, sai aka wayi gari labarin inji yana tafiya gidan taswira, gidan taswira kuma babu kowa. Yarinyar ta ƙwace rabon daga hannun akwatin, ta kafe wa kowace lambarta, Mushe ya ɗauko alli ya rubuta a goshin kowace kamar yadda ake rubuta lambar aji.

Akwai wani zaɓi da suka yi muhawara a kansa har dare ya raba. Kwamfutoci na da manyan hanyoyi biyu na aika saƙo. Ɗaya, TCP, kamar wasiƙa ce da sai mai karɓa ya sa hannu. Idan ta ɓace a sake aikowa, kuma na baya ba ya wucewa sai na gaba ya isa. Ɗayar, UDP, kamar dikte ce a aji mai yara ɗari: malami yana karantawa, ba ya tsayawa tambayar wa ya rubuta. Mushe ya fi son ta farko, domin ya fi amincewa da abin da aka sa wa hannu. Jikanyar ta nuna masa cewa Uwa tana aika halin jirgi sau 30 a kowane sakan, kuma labarin inda jirgi yake ɗazu ba ya da amfani ga mai tuƙi yanzu. Gara a bar wanda ya ɓace a kama na gaba. Ya yarda da hujjarta. Abin da ba su tsaya a kansa ba a daren nan shi ne, a wannan hanya Uwa ba ta sanin wa ya ji, ɗiya kuma idan magana ta yanke ba ta cewa komi.

Ranar da alluna huɗu suka fara motsi tare, Mushe ya karkata sandar tuƙi dama, layin da ya raba sama da ƙasa ya karkata a babban allo, ya karkata a ƙaramin, ɗan jirgin da ke kan taswira ya juya. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sa'an nan ya tashi ya je ya taso Hajiya daga barci don ta gani.

A hunturun farkon 2025 ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa, su bakwai, waɗanda suka sha alli tare. Ya zaɓi tafiya daga Maraɗi zuwa Damagaram a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, tafiyar wajen awa guda. Don ya nuna musu amfanin allunan, ya sa wa manhajar hazo irin wanda ke waje a ranar, har babban allo ya zama fari fat kamar an shafa masa farar ƙasa. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi. Yana tuƙi yana bayani, muryar aji ta dawo masa. Jikanyar tana rakuɓe a bakin ƙofa, kai a sunkuye, kamar yadda ya kamaci yarinya a gaban manya.

Da suka kusa Damagaram, allon da ke gabansa yana nuna ƙafa 3,200, filin jirgin kuwa yana wajen ƙafa 1,500 sama da teku. Ya rage wuta don ya fara sauka. Lambar ba ta motsa ba. Ya ɗan tura sanda gaba, ba ta motsa ba. Ya ƙara turawa.

“Kaka,” in ji yarinyar a hankali, “allon nan ya tsaya.”

“Yi shiru, Amarya, sauka nake.”

Ta ga abin da bai gani ba: a jikin akwatin rarraba rezo, ɗaya daga cikin koren fitilun ta mutu. Wani daga cikin baƙin ya miƙe ƙafa, ya taɓa wayar da ɗan harshen toshenta ya karye tun a sibar, ta zame. Allon bai yi baƙi ba, bai yi ja ba. Ya ci gaba da nuna sama shuɗiya da ƙasa a kwance da 3,200, da haske mai kyau, alhali Uwa ta san jirgin na gangarowa da ka. Sai kawai farin da ke babban allo ya tsage, ƙasa ta taso, komi ya tsaya cik.

Aka yi shiru, sa'an nan aka bushe da dariya. Wani tsohon malamin tarihi ya ce abin ya tuna masa da wata sallar Idi da lasifika ya mutu, sahun baya suka daɗe a ruku'u liman kuwa har ya kai sujada. Mushe ya yi dariyar tare da su, ya raka su har bakin titi. Da ya dawo bai shiga cikin gida ba. Ya zauna a kujerar motar, allon yana nan yana nuna 3,200. Ya san wannan allo. Shekara da shekaru shi ne yake tsaye a gaban aji da hoton kalanda, murya a sake, babu alamar shakka. Ya kuma san cewa a daren nan an gaya masa gaskiya a kan lokaci, da muryar da ya sani, ya ce a yi shiru.

Da safe shi ya je ya same ta, abin da bai taɓa yi ba.

“Amarya, jiya kin faɗa.”

“Na faɗa, Kaka. Amma a gaban baƙi ne.”

“Ƙasa ba ta san da baƙi ba.”

Suka zauna suka duba yadda jiragen gaske ke yi da wannan matsala. Allon jirgin gaske an gina shi ne ya tona kansa: idan labari ya yanke masa, sai ya share lambar, ya sa jan gicciye ko jar alama a wurinta, don kada matuƙi ya dogara da tsohon zance. A gefe kuma akan bar ƴan na'urorin ko-ta-kwana masu zaman kansu. Airbus A380, wanda ya fara tashi a 2005, na'urorinsa suna magana ne ta rezo ɗan'uwan wanda ke shagon Mushe, sai dai an yi shi biyu, kowane saƙo yana bin hanya biyu, idan ɗaya ta yanke ɗaya tana nan. Game da mutane kuma, tun bayan haɗarin tsibirin Tenerife na 1977, inda jirage biyu Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu, ake horar da matuƙa cewa na ƙasa ya faɗi abin da ya gani da babbar murya, na sama kuma ya saurara.

Ba su da kuɗin rezo biyu. Suka canza toshen da ya karye, suka ɗaure wayoyin a bango. Mushe ya kawo shawarar a sa agogo a kusurwar kowane allo. Yarinyar ta ce idan agogon ɗiyar ne, zai yi ta tafiya ko da ta kurumce. Sai dai a sa ƙidayar sakan ta Uwa cikin saƙon da ake aikowa, ɗiya ta nuna ta kawai. Haka aka yi. Tun daga ranar, kafin ya gaskata kowace lamba, sai ya dubi kusurwa ya ga ko ƙidayar na tafiya.

Bayan ta ci bak, jikanyar ta tafi Yamai da niyyar neman shiga EAMAC, makarantar da hukumar ASECNA ke horar da masu ba jirage hanya da masu gyaran na'urori da masana yanayi tun 1963. Kafin ta tafi ta manna masa takarda a bango, da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda idonsa: lambar kowace kwamfuta, da ƙofarta, da wadda ake fara kunnawa, da abin da zai duba idan wata ta yi shiru. A ƙasa ta rubuta: “Tsoho, fara duba fitila.” Hoton kalandar ma ya dawo. Ya manna shi kusa da takardar, ya rubuta 1984 a ƙarƙashinsa da jan biro. Malaman da ke ziyartarsa sukan tambayi dalilin shekarar, shi kuma yakan tambaye su ko shafukan kayensu na ɗauke da ranar da aka rubuta su.

Yanzu kowace Alhamis da la'asar yaran unguwa na cika shagon, maza da mata, ƴan kolej da ƴan firamare. Yakan zaunar da ɗaya a gefensa a matsayin mataimaki, ya sa hazo, ya tashi daga Maraɗi. Wani wuri a tsakiyar hanya, yana cikin bayanin nauyin iska, yakan sa yatsan ƙafa ya zare waya ɗaya ba tare da ya daina magana ba, ya ci gaba da tuƙi kamar babu abin da ya faru. Wasu yaran ba sa lura. Wasu suna lura, su dubi furfurarsa, su haɗiye maganar, jirgi ya faɗi, a sake daga farko. Wata Alhamis wata ƴar aji shida, wadda ƙafafunta ba su ko kai ƙasa daga kan benci, ta zura wa kusurwar allo ido, ta ja hannun rigarsa.

“Mushe, ƙidayar ta tsaya.”

Bai juyo ba, ya ci gaba da zancensa. Ta sake ja, da ƙarfi wannan karon.

“Mushe! Allon ba ya ji!”

Ya saki sandar tuƙi, ya juyo ya dube ta.

“Na ji,” in ji shi. Ya sunkuya ya mayar da wayar.